Karɓar Bayani da Yin Ƙaramin Lissafi a Darasin Farko na Tsara Shirin Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayani a kan abin da ke faruwa tsakanin lokacin da mutum ya danna lamba a kan madannan kwamfuta da lokacin da kwamfutar za ta yi lissafi da ita. A mafi yawan littattafan koyon tsara shirin kwamfuta, wannan darasi ne ke biyo bayan na farko, wato bayan an nuna wa ɗalibi yadda zai sa na'ura ta rubuta gaisuwa a allo. Akan wuce shi da sauri, domin ana ganin tarawa da ɗebewa abubuwa ne da ɗalibi ya sani tun yana firamare.

Ra'ayin da za mu kare a nan shi ne, ba lissafin ne ke ka da ɗalibi a wannan darasi ba. Abin da ke ka da shi shi ne rashin sanin cewa duk abin da aka danna a kan madannai a matsayin rubutu yake isa ga na'ura, kuma sai an juya shi ya koma lamba kafin lissafi ya yiwu. Wannan juyarwa mataki ne mai zaman kansa, wanda ya cancanci a koyar da shi a fili. Al'amarin ya shafe mu malaman kwalejojin ilimi musamman, don kuwa ɗalibanmu su ne za su koyar a makarantun firamare da ƙananan sakandare, kuma sau da yawa wanda ya karanta ilimin kwamfuta ake ɗora wa aikin haɗa sakamakon jarrabawa. Kuskurensa kuwa a kan 'ya'yan mutane zai faɗa.

1.1 Kalmomin da Aka Yi Amfani da Su

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu daidaita a kan wasu kalmomi. Shiri shi ne jerin umarnin da aka rubuta wa kwamfuta don ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Mai amfani shi ne mutumin da ke zaune a gaban na'ura yana amsa tambayoyin da shirin ke yi masa. Ma'aji shi ne wurin da shiri ke ajiye bayani a ƙwaƙwalwar na'ura, wanda mai tsara shirin ke raɗa wa suna. Cikakkiyar lamba ita ce irin su 7 da 40 da 1500, lamba mai ɗigo kuma irin su 3.5 da 44.75. Misalan da za a kawo an rubuta su ne da harshen Python, wanda Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fara fitarwa a shekarar 1991, kuma fasali na 3 na harshen ake nufi, sai inda aka ambaci wani daban.

2.0 Abin da Na'ura Ke Karɓa

Bari mu fara da shirin da ɗalibi kan rubuta idan aka ce ya tara makin gwaji da na jarrabawa:

(1)
gwaji = input("Makin gwaji: ")
jarrabawa = input("Makin jarrabawa: ")
print(gwaji + jarrabawa)

Idan mai amfani ya danna 20 a tambaya ta farko, ya danna 15 a ta biyu, amsar da za ta fito a allo ita ce 2015, maimakon 35. Dalili kuwa shi ne, umarnin input rubutu yake mayarwa ko da yaushe, alamar tarawa kuma idan ta shiga tsakanin rubutu biyu, ɗinke su take yi wuri guda, kamar yadda za ta haɗa "gidan" da "waya".

Don a gane tushen wannan, sai a tuna cewa kowane harafi da kowace alama da ke kan madannai tana da lambar da ke wakiltarta a cikin na'ura. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, babban harafin A lambarsa 65 ce. Su ma alƙaluman ƙidaya haruffa ne a wannan tsari: alamar 0 lambarta 48, alamar 1 lambarta 49, haka har zuwa alamar 9 mai lamba 57. Ke nan wanda ya danna 20 bai aika wa na'ura adadin ashirin ba, ya aika mata da haruffa biyu ne, mai lamba 50 da mai lamba 48. A allo rubutun 20 da adadin 20 kamarsu ɗaya, amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Kuskuren misali na (1) mai sauƙi ne, domin kowa ya ga 2015 ya san akwai matsala. Wanda ya fi haɗari shi ne wanda ba ya nuna kansa. A ɗauka makin cin jarrabawa 40 ne, sai ɗalibi ya rubuta haka:

(2)
maki = input("Maki: ")
if maki >= "40":
    print("Ya ci")
else:
    print("Ya faɗi")

Idan aka gwada wannan shiri da 35 ko 55 ko 72, zai ba da amsa daidai, malami ya sa hannu ya wuce. Amma yaron da ya sami 100, shirin zai ce ya faɗi, wanda ya sami 9 kuma zai ce ya ci. Abin da ya jawo haka shi ne, na'ura tana gwama rubutu da rubutu ne kamar yadda ake jera kalmomi a ƙamus, wato harafin farko take fara dubawa, ba ruwanta da tsawon kalma. Harafin farko na 100 shi ne 1, wanda ke ƙasa da 4, harafin 9 kuwa yana sama da 4. Na'urar ba za ta fitar da saƙon kuskure ko ɗaya ba, don a wurinta ba a karya wata ƙa'ida ba.

2.1 Yadda Harsunan Farko Suka Ɓoye Wannan Mataki

Akwai dalili na tarihi da ya sa ba a cika tsayawa a kan juyarwa ba. Harshen BASIC, wanda John Kemeny da Thomas Kurtz suka ƙirƙiro a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1964, shi ne aka daɗe ana fara koyarwa da shi a makarantu. A irin BASIC na ƙananan kwamfutoci, sunan ma'aji ne ke nuna irin abin da ke cikinsa: A na lamba ne, A$ kuma na rubutu. Idan aka rubuta INPUT A, harshen da kansa yake juya abin da aka danna ya koma lamba, idan kuma abin bai juyu ba, ya sa a sake dannawa. Haka ma harshen Pascal, wanda Niklaus Wirth ya fitar a Siwizalan a 1970. A can sai an bayyana irin kowane ma'aji tun a farkon shiri, umarnin karɓa kuma ya bi wannan bayani ya yi juyarwar. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya tsara a farkon shekarun 1970, alamar %d da ake sakawa a cikin umarnin scanf ita ke gaya wa na'ura cewa cikakkiyar lamba ake jira.

A duk waɗannan harsuna ana yin juyarwar, sai dai ɗalibi ba ya ganinta. Har ila yau, a fasali na 2 na Python umarnin input yana ɗaukar abin da aka danna a matsayin umarni ya zartar da shi, saboda haka misali na (1) zai ba da 35 a can. Wannan hali yana da haɗari, don yana ba mai amfani damar cusa wa shirin duk umarnin da ya ga dama. Da aka fitar da fasali na 3 a watan Disamba na 2008, sai aka kawar da shi, kuma an daina kula da fasali na 2 daga ranar 1 ga Janairu, 2020. Malamin da ya gaji takardun darasi na BASIC ko na tsohon Python, ya kwafe misalansu zuwa sabon fasali, zai tarar sun ƙi aiki, ko kuma suna ba da amsar da ba ita ba.

3.0 Juyarwa

Gyaran misali na (1) shi ne a sa matakin juyarwa a tsakiya. Umarnin int yana mayar da rubutu cikakkiyar lamba, umarnin float kuma yana mayar da shi lamba mai ɗigo:

(3)
rubutu = input("Makin gwaji: ")
gwaji = int(rubutu)

Littattafai da yawa kan cure layukan nan biyu su zama ɗaya. Ga ƙwararre wannan ba laifi, amma ga mai koyo ya fi kyau a bar su a rabe, kowane ma'aji da sunansa, don ya ga cewa abubuwa biyu ne daban.

Juyarwa tana da ƙa'idojinta, kuma ba su dace da yadda mutane ke rubuta lamba a takarda ba. Ga wasu daga cikin wuraren da ake samun saɓani:

(a) A Nijeriya akan sa waƙafi don raba dubbai, a rubuta 1,500. Umarnin int ba ya karɓar wannan, haka kuma ba ya karɓar alamar naira a gaban lamba.

(b) A Jamhuriyar Nijar, inda ake bin tsarin Faransanci, waƙafi ne ke zaman ɗigo, wato uku da rabi 3,5 ake rubutawa. Umarnin float ɗigo kaɗai ya sani.

(c) Umarnin int ba ya karɓar rubutun 25.0, ko da yake adadin cikakke ne. Idan kuma aka ba shi lamba mai ɗigo kamar 39.9, yanke abin da ke bayan ɗigon yake yi ya mayar da 39.

(d) Waɗanda suka saba da tsofaffin tafireta, da yawansu ba su da madannin 1, kan danna ƙaramin harafin l a madadinsa, wasu kuma su danna harafin O a madadin sifiri.

A ɗaya ɓangaren kuma, akwai abin da harshen ke karɓa wanda ba a zata ba. Alƙaluman Larabci na gabas, irin waɗanda ake gani a littattafan da ake bugawa a Masar, suna juyuwa ba tare da matsala ba: idan aka danna ٤٠ umarnin int zai mayar da 40. Bugu da ƙari, ana iya raɗa wa ma'aji suna da haruffa masu lanƙwasa, kamar kuɗi ko ƙwai, don haka babu abin da ya hana malami rubuta misalansa da sunayen Hausa.

Daɗin daɗawa, lamba tana iya juyuwa daidai amma ma'anarta ta ɓace, idan tambayar ba ta faɗi ma'auni ba. Bahaushen Nijar da dala yake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya kuwa faran 5 ce ta sefa. Idan shiri ya tambaye shi kuɗin kaya ya danna 20, mai yiwuwa dala ashirin yake nufi, wato faran 100. Saboda haka rubuta tambaya mai fayyace ma'auni, naira ko kobo, faran ko dala, awa ko minti, yana cikin aikin karɓar bayani.

4.0 Lissafi

Bayan an sami lamba ta ainihi sai lissafi. Tarawa da ɗebewa da alamominsu na makaranta ake yin su, ninkawa da alamar tauraro, rabawa kuma da karkatacciyar sanda. Wurare huɗu ne lissafin na'ura ke saɓa wa abin da ɗalibi ke tsammani.

4.1 Jerin Fifiko

Na'ura tana gabatar da ninkawa da rabawa a kan tarawa da ɗebewa, kamar dai yadda ake koyarwa a darasin lissafi. Ɗalibi ya san wannan ƙa'ida, amma a takarda ya saba jan dogon layi a ƙarƙashin lambobi ya sa 3 a ƙasa, layin kuma shi ke haɗe su. A shiri babu wannan layi, komai a jere yake. Idan maki uku su ne 60 da 70 da 80, aka rubuta a + b + c / 3, to 80 kaɗai za a raba, amsa ta fito kusan 156.67. Sai an sa lambobin uku a cikin baka, wato (a + b + c) / 3, sannan matsakaicin zai fito 70.

4.2 Rabawa Iri Biyu

Sanda ɗaya tana ba da amsa mai ɗigo: 7 / 2 shi ne 3.5. Sanda biyu suna ba da cikakken kaso: 7 // 2 shi ne 3. Alamar % kuma ragowa take bayarwa, ba ta da alaƙa da kashi cikin ɗari. Alal misali, idan za a raba littattafai 50 ga azuzuwa 8, to 50 // 8 zai ba da 6, 50 % 8 kuma ya ba da 2, wato kowane aji 6, saura 2. Haka minti 135 zai koma awa 2 da minti 15. Abin lura shi ne, a harshen C da kuma fasali na 2 na Python, 7 / 2 amsarsa 3 ce muddin lambobin biyu cikakku ne. Wannan ma wani wuri ne da tsofaffin takardun darasi ke ruɗar da ɗalibi.

4.3 Lamba Mai Ɗigo

Idan aka sa na'ura ta tara 0.1 da 0.2, amsar da za ta nuna ita ce 0.30000000000000004. Ba lalacewa ta yi ba. Kamar yadda ɗaya bisa uku ba ya ƙarewa a ƙidayarmu ta goma-goma, sai a yi ta rubuta 0.333 har a gaji a yanke, haka ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa a ƙidayar bibbiyu da na'ura ke aiki da ita. Ƙa'idar IEEE 754 ta 1985, wadda kusan dukkan kwamfutoci ke bi, ta tanadi gurabe 64 don ajiye irin wannan lamba, abin da ya yi saura kuma a kusanta shi. Darasin da ke nan ga mai koyo shi ne, kada ya tambayi na'ura ko lambobi biyu masu ɗigo daidai suke da juna, kuma idan kuɗi yake lissafawa, ya mayar da su kobo ya yi aiki da cikakkiyar lamba, tun da kobo 100 ne naira ɗaya.

4.4 Kusantarwa

A makaranta an koya mana cewa rabi sama yake tafiya. Umarnin round na Python kuwa, idan lamba ta tsaya daidai a tsakiya, wajen lambar da ke rabuwa biyu yake kai ta. Saboda haka 69.5 zai koma 70, amma 44.5 zai koma 44. An zaɓi wannan hanya ne don kada jimlar lambobi masu yawa ta riƙa karkata sama. Amma a makarantar da 45 ne iyakar wani matsayi, ɗalibai biyu masu rabin maki iri ɗaya za su sami hukunci daban, ba tare da wata hukumar jarrabawa ta yanke hakan ba.

5.0 Tantance Abin da Aka Karɓa

Shiri na (3) zai tsaya cak da saƙon kuskure idan mai amfani ya danna abin da ba lamba ba. Zai kuma karɓi 450 a matsayin maki idan yatsa ya zame. Maganin duka biyun shi ne a tantance kafin a yi lissafi:

(4)
while True:
    rubutu = input("Maki, daga 0 zuwa 100: ")
    try:
        maki = float(rubutu)
    except ValueError:
        print("Wannan ba lamba ba ce.")
        continue
    if 0 <= maki <= 100:
        break
    print("Makin ya fita daga iyaka.")

Tambayoyi biyu wannan shiri ke yi: shin abin da aka danna lamba ce, kuma shin lambar tana cikin iyaka? Idan rabawa za a yi, akwai ta uku, wato ko abin da za a raba da shi sifiri ne, kamar neman matsakaicin makin ajin da ba a shigar da ɗalibi ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka wannan damuwar masu koyo ce kaɗai. A ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Ariane 5 ta Hukumar Sararin Samaniya ta Turai ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta daga Kourou, a Giyana ta Faransa. Bincike ya nuna cewa shirin da ke lura da tafiyarta ya yi ƙoƙarin juya wata lamba mai ɗigo mai gurabe 64 zuwa cikakkiyar lamba mai gurabe 16, wadda ba ta iya ɗaukar abin da ya haura 32,767. A can na'urar awo ce ta kawo lambar, ba mutum ba, amma matakin da aka tsallake shi ne wanda muke magana a kai: an yi juyarwa ba a duba iyaka ba.

6.0 Shawarwari ga Malamai

Littattafan gabatarwa kan raba aikin kwamfuta gida uku: shigarwa, sarrafawa da fitarwa. Shawararmu ta farko ita ce, a wannan darasi a faɗaɗa su zuwa biyar, wato karɓa, juyarwa, tantancewa, lissafi da fitarwa, a kuma sa ɗalibi ya nuna layin da ke yin kowannensu a cikin shirinsa.

Ta biyu, a fara da misali na (1) kamar yadda yake, a sa ɗalibai su rubuta amsar da suke tsammani kafin a kunna shirin. Wanda ya rubuta 35 ya ga 2015 zai nemi dalili da kansa, bayanin malami kuma zai sami wurin zama.

Ta uku, a riƙa bin sawun shiri da alli. A zana tebur a allo mai gida uku: sunan ma'aji, abin da ke cikinsa, da irinsa, rubutu ne ko lamba. Sai a bi shirin layi bayan layi ana cikewa. Wannan ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki, don haka ɗalibinmu zai iya yin sa a duk makarantar da aka tura shi.

Ta huɗu, a sauya yadda ake duba aikin ɗalibai. Gwaji da lamba ɗaya ta tsakiya ba ya isa, kamar yadda misali na (2) ya nuna. A gwada kowane shiri da 0, da lamba mai alƙalami ɗaya, da 100, da lambar da ke daidai kan iyaka, da lamba mai ɗigo, da kalma, da kuma danna madannin shigarwa ba a rubuta komai ba. Idan aka sanar da ɗalibai tun farko cewa da waɗannan za a auna su, za su saba da gwada aikinsu kafin su miƙa.

Ta biyar, sassan koyar da kwamfuta su duba takardun darasinsu, su tabbatar da harshe da fasalin da aka rubuta kowane misali da shi, musamman misalan karɓa da na rabawa.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda an nuna cewa abin da mai amfani ya danna rubutu ne, an bayyana yadda harsunan farko suka yi juyarwa a ɓoye, an kawo wurare huɗu da lissafin na'ura ke saɓa wa na takarda, sannan aka ba da shawarar a koyar da juyarwa da tantancewa a matsayin matakai masu zaman kansu. Sauran aiki shi ne na kalmomi. Ma'aji da juyarwa da lamba mai ɗigo da sauran waɗanda aka yi amfani da su a nan shawara ce kawai, kuma muna fata malaman Hausa da na kwamfuta da ke wannan taro za su duba su, su gyara wanda ke buƙatar gyara, don a sami kalmomi ɗaya da kwalejojinmu za su riƙa koyarwa da su.